Sanarwa kan zaɓen ajin koyon aikin duwatsu

Assalamu alaikum ƴan uwa mata, barkanku da warhaka.

Maganar koyon haɗa sarƙa da awarwaro da muka daɗe muna yi ta zo gangara. An samu malamai biyu, dole mu tsayar da ɗaya kafin kuɗin adashenmu ya fita.

Ta farko tana Mabera, koyon na tsawon wata ɗaya ne, kuɗinta da sauƙi, amma jera duwatsu a zare kawai take koyarwa, kuma kowa ya zo da kayansa. Ta biyu tana Runjin Sambo, wata biyu, ta fi tsada. Ita tana koyar da aikin waya da filaya, yadda ake lanƙwasa wayar ɗan kunne, da yadda ake ɗaure maƙulli kada sarƙa ta tsinke a wuyan amarya ranar biki. Na riƙe wata jigida da ɗalibarta ta yi, na ja ta da ƙarfi, ko gezau. Ni dai can zuciyata ta karkata, domin ƙarshen aiki shi mai saye ke dubawa.

Za mu haɗu Asabar bayan La'asar a inda muka saba. Kowace ta rubuto zaɓinta a nan kafin daren Juma'a, ta kuma zo da naira 2,000 na sayen duwatsu da zare a Babbar Kasuwa, sari ya fi araha. Matan aure, don Allah a nemi izinin maigida tun yanzu.

Allah ya sa albarka, ya bar zumunci.

Taku,
Sakatariya