Faifan Doo-Bop Na Miles Davis Da Matsalar Ɗora Busa Kan Kiɗan Na'ura

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai albarka in yi magana kan Doo-Bop, faifan ƙarshe da Miles Davis, shahararren mai busa ƙahon jaz ɗan Amurka, ya yi a situdiyo. Duk mai haɗa kiɗa a kwamfuta da ke son ɗora busa kan kiɗan hip hop ya kamata ya saurare shi da kunnen basira, domin matsalolin wannan aiki suna cikinsa a fili.

Miles ya yi aikin a 1991 tare da Easy Mo Bee, matashin mai haɗa kiɗa daga Brooklyn. Waƙoƙi 6 suka kammala kafin Miles ya rasu ranar 28 ga Satumba na wannan shekara. Sai Easy Mo Bee ya ɗauko busar da Miles ya naɗa tun 1985, ya gina wasu 2 a kanta. Kamfanin Warner ya fitar da faifan a 1992, faifan kuma ya ci lambar Grammy a 1993.

A jaz, mai ganga da mai bes (kayan kiɗa mai kaurin amo) suna sauraron mai busa. In ya hau su hau, in ya ja baya su cike gurbin. Guntun kiɗan da aka yanko daga tsohon faifai kuwa maimaita kansa kawai yake, ba ya jin kowa, sai mai busa ya zama kamar mawaƙin da 'yan amshinsa suka toshe kunne. A ganina nan ne raunin Doo-Bop: busar tana tafiya, abin da ke ƙarƙashinta yana tsaye wuri ɗaya. Maganin shi ne a riƙa taɓa kiɗan bayan an naɗi busa. A cire ganga na ɗan lokaci inda mai busa ya ja dogon numfashi, a dawo da bes inda ya ƙare jimla, ko a kawo mai piyano ya amsa masa kai tsaye.

Sai batun amo. Na'urar naɗar guntayen kiɗa ta SP-1200, wadda aka san masu haɗa hip hop na New York da ita a lokacin, sakan 10 kacal take riƙewa, kowane guntu bai wuce sakan 2.5 ba. Don haka sukan juya faifai mai gudun 33 (juyi a minti ɗaya) a kan gudun 45 su naɗa, don guntun ya gajarta ya shiga na'urar, daga baya su sauke gudun. Wannan yana ɗaga amon da mataki 5 da ɗan ɗoriya, idan aka ƙirga mataki a matsayin tazarar maɓallan piyano biyu maƙwabta. In an sauke mataki 5 cif, ɗoriyar nan ta kusan kashi 20 cikin 100 na mataki tana nan. Mai ƙaho zai busa daidai amma a ji kamar ya kauce. A auna guntun da piyano tukuna, kafin a kira mai busa.

Miles ya fi busa da murfin ƙarfe na Harmon a bakin ƙaho, wanda ke sirantar da sautin ya rage masa ƙarfi. Dole makirufo ya matso dab da murfin, kuma a rage kaifin ƙananan farantan ganga, tunda wuri ɗaya suke takara a kunne.

Baitocin rap ɗin faifan, gaskiya, ba su kai busar ba, yawancinsu kirari ne ga Miles. Wanda ke son jin yadda aka ƙara daidaita murya da busa ya nemi faifan Jazzmatazz na mawaƙin rap Guru, na 1993, inda Donald Byrd ya busa ƙaho, Roy Ayers kuma ya kaɗa bibrafon, kayan kiɗa mai jerin faifayen ƙarfe da ake bugawa da sanduna.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Mai karatunku,
daga Kano