Malamai, kafin mu ce "a turo ta imel" mu fara tambaya wayar waye a gidan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida, dan Allah a ɗan sam min fili in yi magana da 'yan uwana malaman makaranta, musamman namu na nan arewacin Kamaru, daga Ngaundare zuwa Garwa da Marwa har Kusiri, akan wannan yayi na ba yara aikin gida ta intanet. Ni malamin tarihi ne da labarin ƙasa a wata lise, wato makarantar sakandare, anan Garwa, shekara ta goma sha ɗaya kenan ina riƙe da alli, kuma abinda zan faɗa ba daga littafi na ɗauko shi ba, a cikin kilas na gan shi.

Kowa dai ya tuna 2020 lokacin korona, ran 18 ga Maris aka rufe makarantu gaba ɗaya, darasi ya koma talabijin a tashar gwamnati CRTV, sai 1 ga Yuni 'yan ajin jarabawa suka dawo. To a wannan tsakanin ne da yawanmu muka buɗe guruf na WhatsApp muka raba wa yara adireshin imel ɗinmu, dan kar jarabawowin ƙasa, BEPC da Probatuwar da Bak, su zo su same su a zaune. Korona ta wuce amma abin bai wuce ba, ya zauna, yanzu ma'aikatar ilimin sakandare ma tana da darussanta a intanet, kuma ni ban ga laifin haka ba wallahi, wanda yake da yara kusan ɗari a aji ɗaya ya san daɗin ya tura taswira sau ɗaya kowa ya gani ba sai ya kashe kuɗin fotokopi daga aljihunsa ba.

Amma akwai abinda ya faru dani da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Na ba 'yan turwaziyem, aji huɗu na sakandare kenan, dabuwar, wato aikin gida, ranar Juma'a nace a turo min ta imel kafin daren Lahadi ƙarfe goma sha biyu, wanda bai turo ba sifili ne. Ranar Litinin na karanta sunayen waɗanda basu turo ba, cikinsu harda wata yarinya mai ƙoƙari wadda bata taɓa sauka ƙasa da 14 cikin 20 a wajena ba. Bayan an tashi ta tsaya bakin ƙofa ta kasa magana, sai ta buɗe kayenta, wato littafin rubutunta, ta miƙo min, aikin nan gashi cikakke shafi biyu da rabi, ta zana kogin Binuwai da biro mai launin shuɗi ta sa kwanan wata na ranar Asabar a sama. Nace to 'yata me ya hana ki turowa? Tace Misye waya ɗaya ce mai intanet a gidanmu, ta Baba ce, kuma ya tafi da ita tun Juma'a. Babanta direban babbar mota ne, irin masu ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare su bi ta Garwa da Marwa har Kusiri su tsallaka Njamena, in ya tafi sai yayi sati ko fiye. Wayar mamanta 'yar ƙaramar Itel ce mai madanni, ta kira da tocila. Ashe ni ba yarinyar na ba sifili ba, rashin waya na ba sifili. Na goge shi a take, amma kunyar da na sa ta sha gaban 'yan ajinsu wannan ba ta goguwa.

Tun daga ranar duk farkon shekara a watan Satumba, kafin in ce uffan akan imel, sai in raba 'yar takarda kowa ya rubuta min a ɓoye ba tare da ɗaga hannu ba (ɗaga hannu tonon asiri ne, yaro gara yayi ƙarya da ace gidansu babu): akwai waya mai intanet a gidanku? ta waye? yaushe kake samunta a hannunka? Amsoshin su zasu gaya maka irin aikin da zaka iya bayarwa. Zakaga wani ta yayansa ce mai kilando, wato ɗan acaɓa, sai goma na dare yake dawowa, wata ta kishiyar mamanta ce sai an yi lallashi, wani kuma a ƙauye iyayensa suke shi yana zaune gidan kawu, ga dokar makaranta ta hana shigowa da waya, kenan duk abinda za'a yi a gida za'a yi shi da wayar wani. Shi yasa ni a wajena takarda bata mutu ba, duk aikin da na bayar ta intanet wanda ya kawo shi a rubuce da hannu ranar da aka sa, makinsa ɗaya da wanda ya turo, ba ragin ko rabin maki.

Sai maganar lokaci. Wannan "kafin sha biyun dare" da muka koyo, ba namu bane. Mu nan wutarmu galibi daga dam ɗin Lagdo take zuwa, in rani yayi nisa ruwa ya ja baya kowa ya san yanda ake rabon kuran, wato wutar lantarki, unguwa unguwa, ga zafin Maris da Afrilu da yake haura digiri 40, waya ta mutu ba caji, rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, yaro yana Jambutu ko Yelwa yana ɗaga waya sama yana neman sanda ɗaya. Ni yanzu kwana uku nake buɗewa, in ce daga Laraba zuwa Juma'a duk sanda ka samu ka turo, kuma bana sa ranar ƙarshe ta faɗo Lahadi, dan in abu ya ƙi yaro ya same ni a makaranta da kayensa kafin lokaci ya ƙure.

Yanzu bari inzo kan shi kansa imel ɗin dan anan ne malamai da yawa suke gajiya su watsar. Kuskure na farko shine ka ba yara adireshinka na kanka wanda kake karɓar saƙon banki da na 'yan uwa, a'a, ka buɗe wani daban na makaranta kawai, kyauta ne, Gmail yana baka jiga 15 na ajiya kuma hotunan kayen yara kaɗai sun isa su cinye shi a shekara, gara su cinye wancan. Na biyu kuma wanda yafi komai muhimmanci a wajena shine layin kan saƙo, wanda wayoyinmu na Faransanci suke kira objet. Shekarar farko na buɗe akwati na tarar da saƙo sama da ɗari biyu, rabi babu komai a kai, sauran "slt misye" ko "gashi", adireshin kuma sunan ɗan ƙwallo ne ko sunan babban wa, ka rasa waye ya turo, wane aji, wane aiki, na kwana biyu ina buɗewa ɗaya bayan ɗaya ina duba rubutun hannu dan in gane mai shi. Yanzu doka ɗaya ce na rubuta ta a allo da manyan baƙaƙe kowa ya kwafa a bangon kayensa: aji, sai lambarka ta rajista, sai cikakken suna, sai lambar aiki. Misali 3e2 (turwaziyem ta biyu), 47, suna, D1 (dabuwar ta farko). In ka saba musu da wannan, sai ka zauna kan kwamfuta sau ɗaya ka haɗa filta, kace duk saƙon da kansa ke ɗauke da 3e2 a manna masa lakabin wannan aji, shikenan kowane aji ya shiga ɗakinsa da kansa. Ku lura fa, filtan nan ba'a haɗa shi a cikin manhajar Gmail ta waya, sai an buɗe ta burawuza a kwamfuta, dan haka in baka da ita ka shiga sibar, wato shagon intanet, na rabin awa, aikin sau ɗaya ne. Kuma ka kunna amsa ta kai tsaye mai cewa saƙonka ya iso, in ba haka ba yaro ɗaya zai turo aiki ɗaya sau biyar dan tsoro, megansa ya ƙare a banza.

Hoto ma sai an koya musu, kar mu ɗauka dan yaran zamani ne sun iya. Sun iya TikTok, basu iya ɗaukar shafi ba. Awa ɗaya nake warewa a farkon shekara in nemi izinin sansar, wato mataimakin shugaban makaranta, in shigo da wayata in nuna: ka shimfiɗa kaye a ƙasa da rana a inuwa ba da dare da tocila ba, ka tsaya saitin sama, shafi ɗaya hoto ɗaya, ka rubuta sunanka a saman kowane shafi da biro. Wanda wayarsa Android ce, cikin manhajar Drive akwai wajen sikan da zai haɗa shafukan su zama PDF guda, yafi sauƙin nauyi kuma baya zuwa a birkice. Gmail baya ɗaukar abin da aka liƙa in ya wuce mega 25, dan haka bidiyo kam a bar shi. Nima ta ɓangarena na daina tura musu manyan fayil, duk abinda zan tura sai na tambayi kaina, forfe, wato datar waya, na dala ashirin zai iya sauke wannan? In ba zai iya ba sai in ba shef ɗin kilas, wato shugaban 'yan aji, a rarraba ta Xender ko Bluetooth a unguwa, ba'a cin ko mega ɗaya.

Su kuma ƙananan, 'yan siziyem da sankiyem, wato aji ɗaya da biyu na sakandare, ni shawarata a ƙyale su da imel. Ƙa'idar Google ma shekara 13 ce kafin yaro ya buɗe akwatin kansa, to meye amfanin mu sa ɗan shekara 11 ya fara da ƙaryar shekarun haihuwa. Manyan kuma matsalarsu mantuwar kalmar sirri, wani mai sibar ne ya buɗe masa da lambar wayarsa shi, wani ya sa lambar sim ɗin da ya ɓata, ranar da aka canza waya komai ya tafi. Ina ce musu lambar mahaifi ko mahaifiya za'a sa, kalmar sirrin kuma a rubuta a ajiye a gida, ni bana karɓa bana son in sani. Google Classroom na gwada shi da 'yan tarminal, wato ajin ƙarshe, yana da kyau sosai dan shi yake jera maka wanda ya bayar da wanda bai bayar ba, amma sai ajin da kusan kowa yake da waya a hannu, a ƙananan aji wahala ya ƙara min.

Akwai kuma abinda yafi duk wannan nauyi, amana. In zaka tura saƙo ɗaya ga aji gaba ɗaya, sa adireshin a layin Cci, wato kwafin da ba'a gani, kar ka jera su a fili kowane saurayi a ajin ya kwashi adireshin 'yan mata. Guruf na WhatsApp a kulle shi admin kaɗai ke rubutu, a sa malami na biyu a ciki, in da hali mace, da wakilin iyaye ɗaya daga APEE, ƙungiyar iyaye da malamai. Maki kuma ba'a sa shi a guruf, sirrin yaro ne da iyayensa. Sannan dan girman Allah 'yan uwana maza, babu hira ta keɓe da ɗaliba, babu amsa saƙo bayan isha'i, ko tambayar darasi ce ta bari sai gobe a kilas ko ta yi ta a inda kowa ke gani. Mu nan mun san da kyar wasu iyaye suka yarda 'ya mace ta wuce firamare, uba ya ɗau wayarsa ya ga saƙon malami namiji ƙarfe sha ɗaya na dare, ko "ki gyara shafi na biyu" ne aka rubuta, wallahi ƙarshen karatun yarinyar kenan kuma harda na ƙannenta. Ni in na gama gyara da dare sai in sa saƙon ya jira, Gmail yana da wajen tsara lokacin tafiya, ya fita bakwai na safe.

Kwafe kuma, eh ana yi, a da daga Wikipedia ne, yanzu daga ChatGPT, yaron da baya iya haɗa jimla biyu a allo sai ya turo maka Faransanci kamar na ɗan jami'a. Ban tsaya faɗa da na'ura ba, tambayar na canza. Maimakon in ce a bayyana sauyin yanayi, sai ince je ka tambayi wani dattijo a unguwarku ina ruwan Binuwai yake kaiwa da damina lokacin yana yaro, da Fulatanci ko Hausa ko duk yaren da yake ji, ka rubuto min abinda yace da hannunka. Ranar bayarwa kuma in ɗaga mutum biyar ba zaɓe, kowa yayi min bayanin nasa a baki minti biyu.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin lise lise da ƙungiyoyin iyaye ne. Makarantu da dama suna da ɗakin kwamfuta, wasu a kulle yake ƙura ta rufe dan tsoron kar a lalata. Ranar Laraba da rana ai babu darasi, a buɗe shi ko awa biyu ne, malami ɗaya ya zauna bisa juyi, APEE ta ɗau nauyin forfe na wata, duk yaron da babu waya a gidansu ya zo ya tura aikinsa anan. Mu a tamu makarantar mu uku muka sa hannu zamu riƙa zama, takardar tana teburin provizar, wato shugaban makaranta, tun sekans, wato zangon gwaji, da ya wuce, muna jiran amsa.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani malamin lise, Garwa