Wasiƙar godiya ga gidan tarihin Victoria da Albert da ke Landan

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan wannan gida,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun ɗauki alƙalami ne don mu yaba muku a bainar jama'a, musamman kan ɗawainiyar da kuke yi da kafet ɗin Ardabil, wanda ya samo sunansa daga garin Ardabil na ƙasar Iran.

An saƙa kafet ɗin a Iran, kuma shekarar 946 ta Hijira, wato 1539 zuwa 1540, tana rubuce a jikinsa. Tsawonsa ya haura mita 10, faɗinsa ya haura mita 5. Tun 2006 kuka shimfiɗa shi a ƙasa cikin ƙaton akwatin gilashi a ɗaki na 42, maimakon ratayewa a bango inda nauyinsa ke jan zaren. Haske mai yawa yana kashe rini, kuma launin da ya koɗe ba ya dawowa, shi ya sa fitila ke haska shi na minti 10 kacal duk bayan rabin awa. Baƙon da bai san haka ba yakan leƙa ya tarar da duhu-duhu ya wuce. Ya yi haƙuri ya jira. Kafin nan ga mumbarin Sarki Ƙayitbai na Alƙahira a ɗakin, aikin katako da hauren giwa, wanda shi kaɗai ya isa kallo.

Mun gode da kuka bar ƙofa a buɗe kyauta, in ban da nune-nune na musamman da ake yankar tikiti. Ga mai kwana biyu ko uku a gari, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kuna buɗewa ƙarfe 10 na safe, ku rufe shida saura kwata, ranar Juma'a kuma wasu ɗakunan kan kai 10 na dare. Daga tashar jirgin ƙasa ta South Kensington akwai hanyar ƙafa ta ƙarƙashin ƙasa, ko ruwa ake yi mutum ba zai jiƙe ba.

Kuskuren yawancin baƙi shi ne son zagaye ɗakuna sama da 100 a yini ɗaya. Ƙafa ta gaji, ido ya daina gani. Gara mutum ya zaɓi sashe uku, ya haɗa da ɗakunan tangaran da ke can sama, inda ba a cika cunkoso ba.

Allah Ya ƙara muku basira, Ya saka wa masu gyaran kayan nan da alheri.

Naku,
Wasu malaman zane da saƙa