Wasiƙar Godiya Ga Mai Shagon Kayan Su Da Ke Kusa Da Taminus, Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da yaran shagonka, na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin abin da ka yi mini da iyalina ya fi ƙarfin godiyar da na yi maka a bakin kanta.

A watan Nuwamba na shigo shagonka na ce maka ƙanena da ke aiki a Legas ya gayyace mu hutun ƙarshen shekara, kuma na yi wa yarana uku alkawarin kai su kamun kifi a teku, alhali ni kaina ban taɓa riƙe fatsa ba. Haifaffen Jos ne ni, garin da ke kan tudu kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma iyakar abin da na sani game da kamun kifi shi ne bikin Argungu da nake gani a talabijin. Na nuna sandar da ta fi kowace tsada na ce a ɗaure mini guda huɗu. Ka tambayi shekarun yaran, na ce tara da shida da huɗu, sai ka mayar da sandar mazauninta, ka ba ni matsakaiciya guda ɗaya da gajeru guda biyu, ka ce auta kallo ne rabonsa bana. Kuɗin da na biya bai kai rabin wanda na shigo da niyyar kashewa ba.

Da ka ce ka yi shekaru kana su a gaɓar Legas kafin ka dawo gida, ban ɗauka za ka ɓata lokacinka a kanmu ba. Asabar biyu a jere ka turo yaronka filin ƙwallon unguwarmu, cikin hazo da sanyin hunturu, ya koya mana jifa da dalma kawai a bakin zare, babu ƙugiya, har sai da kowa ya saba waiwayawa ya duba bayansa kafin ya wurga. Da hannunka ka danne ƙayar kowace ƙugiya da filaya, ka ce idan ta soki yatsan yaro za ta fita ba tare da yanka ba. A lokacin na ga kamar tsanani ya yi yawa, amma a rana ta biyu a Legas ƙugiya ta kama hannun rigar 'yata, muka zare ta cikin sauƙi.

Darasin da ya fi zama mini a rai shi ne na cikowar ruwa da janyewarsa. Ka bayyana mini cewa teku yana cika sau biyu yana janyewa sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25, don haka lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Ka ce wata ne ke jan ruwan, kuma cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu, saboda haka wanda yake bin lissafin watan Musulunci ya riga ya san rabin karatun. Ka ƙara da cewa kifi ya fi cin koto lokacin da ruwa ke tafiya, ba lokacin da ya tsaya cik ba. Babban ɗana ya rubuta wannan a littafinsa, kuma shi ya riƙa tashinmu da asuba don kada lokacin ya wuce mu.

Ka kuma hana ni kai yaran bakin buɗaɗɗen teku, inda igiyar ruwa ke jan mutum ciki ko da ruwan bai wuce gwiwa ba. Ka ce mu tsaya a lafaffen ruwan tafkin Legas, inda ruwan gishiri ke gauraya da na koguna, kuma kada yaro ya taka kwale-kwale ko gadar katako sai da rigar kariya daga nutsewa daidai jikinsa, ba ta manya ba. Matuƙin da ka haɗa mu da shi irinka ne: da ya ga auta ya fara jiri, ya juya da mu bakin gaɓa bayan awa ɗaya ba tare da na roƙe shi ba.

Da jatan lande muka yi koto, kamar yadda ka ba da shawara. Ni dai ban kama komai ba a fitarmu ta farko. 'Yata ce ta fara jawo wata ƙaramar tarwaɗar teku, kuma da ba ka gargaɗe mu game da ƙayoyinta masu dafi ba, da ta cafke ta da hannu don murna. Matuƙin ne ya cire ta, muka mayar da ita ruwa saboda ƙanƙantarta. Kafin mu baro Legas mun kama kifi bakwai da suka isa a soya, kuma mahaifiyar yaran ta ce ɗanɗanonsu daban yake da na karfasar da muka saba saye a nan.

Kowace yamma muna wanke sanduna da injin naɗe zare da ruwan famfo, domin ka gaya mana cewa kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, wanda ke cin ƙarfe cikin 'yan kwanaki. Kayan suna nan garau babu tsatsa, zan kawo su ka duba zaren kafin hutu mai zuwa, kuma auta ya ce in tuna maka cewa ya kusa cika shekara biyar.

Allah ya sa albarka a kasuwarka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya saka wa yaran shagonka da alheri.

Naka mai godiya,
Mahaifin yara uku, Unguwar Rogo, Jos.