Wasiƙa zuwa ga Auta, a kan maganar shahara

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mu ma nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci wani saurayi ya durƙusa ya gaishe ni, ya zaro waya ya nuna mini kai kana koya wa mutane yadda ake canza gilashin waya. Ya ce duk unguwa an san ni ne mahaifinka. Na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Amma da ka kira da dare ka ce, "Baba, ai na shahara," sai kalmar ta tsaya mini a rai.

Shekara talatin na yi ina koyar da Larabci, don haka bari in gaya maka abin da ka furta. Shahara aro muka yi daga shuhra ta Larabawa, daga nan ne kuma mashahuri ya fito. Tushenta ɗaya da shahr, wato wata, wanda kake karantawa a "Shahru Ramadan" cikin Suratul Baƙara. Malaman lugga sun ce an kira wata haka ne domin idan jinjirinsa ya tsaya ba ya ɓuya, kowa zai nuna shi da yatsa. Ko takobi aka zare daga kube, da wannan kalmar Balarabe yake faɗa. Ka ga ke nan ba ta ce alheri ba, ba ta ce sharri ba. Cewa kawai ta yi abu ya fito fili. Shi ya sa bakin da ya ce shahararren malami shi ne zai ce shahararren ɓarawo.

Kakanninmu sun fi haka rarrabewa. Sukan ce wane ya yi suna, ko ya yi fice cikin tsaransa. Sukan ce yana tashe, ni kuwa duk lokacin da na ji wannan sai in tuna yaran da ke fitowa da ganguna a goma ga azumi, kafin salla sun watse. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ƙaurin suna. Ka tuna ranar da mahaifiyarka ta bar tuwo a wuta ta fita barka? Kafin ta dawo, maƙwabta sun riga mu sanin tukunya ta kama. Ƙauri ya fi ƙamshi saurin tsallake katanga, kuma ko an kankare tukunya yakan kwana a ɗaki.

Na ga jana'izar Malam Aminu Kano da idona a 1983. Ɗan ƙaramin gida ne da shi a Gwammaja, amma ranar nan hanya ta ƙi ɗaukar jama'a, talakawa suna kuka kamar ubansu ne ya rasu. Yau filin jirgin sama da asibitin koyarwa suna ɗauke da sunansa. Ban taɓa jin an ce ya bi wani yana roƙon a san shi ba.

To Auta, yanzu idanu sun yi maka yawa. Za a kawo maka kuɗi ka yabi kayan da ba ka gwada ba, kada ka karɓa. Za a zage ka don ka rama a samu abin kallo, ka yi shiru. Wayoyin da ake kawo maka gyara cike suke da sirrin mutane, hotunan iyalansu da saƙonninsu. Wallahi ko sau ɗaya ka leƙa, ban yafe ba. Kuma wanda ya kawo maka aikin naira ɗari biyar ka tashi ka karɓe shi kamar yadda kake yi tun kana yaron shago.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ta ba direba kuka da daddawa ya kawo maka, ka je tasha ranar Litinin ka karɓa. Ka gaishe mini da maigidanka, ka ce ina nan tafe in yi masa godiya da kaina.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.