Tafkin Gidimuni: a bar kifi ya hayayyafa kafin a sake zuba iri

Ya Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan tafkin Gidimuni da makomar sana'ar su a cikinsa. Duk lokacin da aka tayar da zancen ƙarancin kifi a ƙananan tafkunan jihar Damagaram, maganin da aka fi ambata shi ne zuba ƴaƴan kifi, a tara jama'a, a juye su a ruwa, a ɗauki hoto, a watse. Ni kuwa a ganina zuba iri ba zai yi wa tafkin amfani ba muddin ba a fara tsayar da lokacin da za a ɗaga wa kifin ƙafa ya hayayyafa ba.

Ga wanda bai san wurin ba, Gidimuni tana gabas da Zinder da tazarar kilomita kusan 70, a kan babbar hanyar da ta nufi Gure da Diffa, cikin gundumar Damagaram Takaya. Abin da ya bambanta tafkinta da yawancin tafkunanmu shi ne ba ya ƙafewa da rani, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ciyar da shi, kuma shi ya sa dabino da rake da lambuna suka kewaye shi. A watan Disamba na 2019 aka sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, da faɗin hekta 338, kamar yadda aka sa tafkin Lasuri tun 2005. Wannan abin alfahari ne, amma hekta 338 ba wani babban ruwa ba ne, kuma a ƙasa irin tamu, inda rana da iskar hunturu ke shanye ruwa fiye da abin da damina ke zubarwa, kifin da ke ciki ba shi da kogin da zai gudu ya fake, ba shi kuma da wata hanyar da wani zai shigo ya maye gurbinsa. Abin da aka kwashe ya tafi, sai abin da ragowar suka haifa.

Karfasa, wadda ita ce ginshiƙin kamun masunta a irin waɗannan tafkuna, tana da wata ɗabi'a da ya kamata duk mai tsara dokar su ya sani. Namijin yakan share ɗan gurbi a ƙasan ruwa marar zurfi, macen ta zuba ƙwai a ciki, sannan ta kwashe su a bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe, kuma a tsawon wannan lokaci ba ta cin abinci. Ko bayan ƴaƴan sun fara iyo, da sun ji motsi sai su ruga su koma bakin uwar. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin tafki ana jawo taru ya san abin da nake nufi: za a jefa uwar a kan yashi tana mutsu-mutsu, sai ka ga ta amayar da ƙwai rawaya masu kama da ƙwayar dawa, ɗaruruwa, yara su tattake su ba wanda ya kula. Kifi ɗaya aka sayar a ranar, amma kamun baɗi ne aka zubar a ƙasa. Tarwaɗa ma haka abin yake, don da farkon damina, idan ruwa ya hau ciyawar gefe, a nan take fitowa ta yi ƙwai, kuma a daidai nan ne ake tare ta da sanda da kwando, cikinta fal da ƙwai.

Sai batun idon raga. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa gidan sauron da ake rabawa domin kare mata da yara daga zazzaɓin cizon sauro, wani yakan ƙare a cikin ruwa, an ɗinke biyu ko uku an mayar da su taru. Irin wannan ba ya barin komai. Sakamakonsa kuwa yana kan faranti a kasuwa, inda za ka tarar an soya karfasa ƴan mitsi-mitsi waɗanda tsawonsu bai kai yatsa ba, an kasa su kashi-kashi, an barbaɗa yaji, ƙaya ta fi tsoka yawa. Da an bar su wata shida, da kowace ta cika tafin hannu, da kuma ta haihu kafin ta shiga mai. Mai yin wannan bai bambanta da manomin da ya daka irinsa ya dama fura ana gobe ruwan shuka ba.

To, a irin wannan hali, in an kawo ƴaƴan kifi an zuba, wa aka zuba wa? Cikin ƴan makonni tarun nan zai tace su. Akwai ma wani gefen da ba a cika faɗa ba, wato ƙanƙantar karfasa ba kullum take nuna ƙarancinta ba. A ruwan da aka kwashe manyan kifaye da masu cin ƴan uwansu, irin su tarwaɗa da giwan ruwa, karfasa takan fara haihuwa tun tana ƙarama, ta yi yawa, abinci ya gaza, kowace ta tsumbure. Idan wannan ne ciwon tafki, ƙara masa karfasa ƙara masa ciwo ne. Abin da zai raba gardama shi ne awo: a ajiye sikeli da littafi a inda ake sauke kifi, a riƙa rubuta nauyi da tsawo da nau'in abin da aka kama, rani da damina. Ɗalibi guda daga Jami'ar André Salifou ta Zinder zai iya riƙe wannan aiki, kuma kuɗinsa ba zai kai na bikin zuba iri guda ɗaya ba.

Ba zan ɗora wa masunta laifin duka ba. Kacalla ta mamaye gefen tafkin, tana cinye filin da karfasa ke share gurbinta, tana hana kwale-kwale da birgi wucewa, kuma idan ta ruɓe a ruwa takan rage iskar da kifi ke shaƙa. Rairayi yana gangarowa daga tuddai da aka sare itatuwansu yana cike gindin tafkin. Injinan ban-ruwa suna zuƙa, ragowar maganin ƙwari na lambu kuma ruwan sama yana wanko shi ciki. Sannan tun daga 2015, da matsalar tsaro ta dagula su da fataucin banda a yankin tafkin Cadi, buƙatar kifi ta ƙara danne ƙananan ruwaye na cikin ƙasa. Masuncin da ya karɓi raga bashi daga hannun dillali, yana da baki goma a gida, ba za ka ce masa ya jingine kwale-kwale wata uku ba tare da ka nuna masa abin da zai sa a tukunya ba.

Saboda haka shawarata ita ce a haɗa matsalolin biyu su warware juna. A rufe tafkin daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da hayayyafa ta fi ƙarfi kuma yawancin mutane suna gona, sannan kuɗin da ake warewa domin sayen ƴaƴan kifi a biya masunta da shi su yanke kacalla. Su suka fi kowa sanin ruwan, kuma kacalla tana mutuwa ne idan an yanke ta ƙasa da saman ruwa ta yadda kututturen zai nutse, aikin da baƙo ba zai iya ba. A kuma keɓe wani lungu na tafkin wanda raga ba za ta taɓa shiga ba ko da an buɗe sauran.

Dokar kamun kifi ta ƙasa ta riga ta ba hukuma ikon tsara kayan kamu da lokutansa, don haka ba sabuwar takarda ake jira ba. Sai dai jami'an gandun daji ƴan kaɗan ne, ba za su kwana a bakin ruwa ba, kuma dokar da aka aiko daga ofis ba tare da an zauna da masu ruwan ba, da dare ake karya ta. Sarkin ruwa da dattawan masunta su ne suka san wanda ya fita da asuba da kuma irin ragar da ke cikin buhunsa. Idan su suka yanke ranar rufewa da ranar buɗewa a gaban sarkin gari da hukumar kwamin, aka kuma amince cewa wani kaso na kuɗin takardar izinin kamun kifi zai tsaya a garin domin gadin tafkin, to za a ga wanda zai yi gangancin shiga. Dillalai da mata masu suya ma a sa su cikin zaman, domin ranar da suka daina sayen ƙananan, ranar za a daina kamo su.

Ruwan da aka samu a daminar 2024, wanda ya yi ɓarna mai yawa har ya rushe tsohon masallacin Birni, ya cika tafkuna da dama a wannan jiha, kuma shekarar ruwa shekarar haihuwar kifi ce. Irin wannan dama ba ta zuwa kowace shekara. Ina roƙonka, Malam Edita, ka tura wakilinka Gidimuni a tsakiyar damina mai zuwa, ba ranar biki ba, ya tafi da ma'auni ya gwada idon ragar da ake amfani da ita, ya tambayi sarkin ruwa watannin da zai yarda a rufe, ya kuma tambayi ofishin gandun daji na gundumar nauyin kifin da aka fitar daga tafkin bara, ku buga mana amsoshin yadda aka ba da su.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Wani mai karatunku daga unguwar Birni, Zinder