Gargaɗi ga direbobinmu kan dusar ƙanƙarar ƙarshen hunturu a arewacin Saudiyya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana Hausawa mazauna Saudiyya, musamman waɗanda da sitiyari suke neman abincinsu, game da tuƙi a cikin dusar ƙanƙara, wanda haɗari ne da yawancinmu ba mu taso da shi ba, ba kuma a koya mana shi ba lokacin da muka koyi mota a Kano ko a Jidda.

Bahaushe ya fi sanin Tabuka ta hanyar yaƙin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita cikin tsananin zafi a shekara ta 9 bayan hijira, shi ya sa idan aka ce masa dusar ƙanƙara tana rufe hanya a wannan yanki sai ya ɗauka zolaya ce. Amma Dutsen Lauz, wanda tsayinsa ya haura mita 2,500, yakan yi fari fat a mafi yawan shekaru, haka nan tsaunukan Alƙan da ke kusa da iyakar Jodan, kuma a garin Turaif ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da sifiri da daddare. A watan Fabrairun 2021 duniya ta kalli hotunan raƙuma a durƙushe cikin dusar ƙanƙara a yankin Tabuka. Waɗannan hanyoyi su ne 'yan'uwanmu suke bi da tirela da ƙananan motocin kaya zuwa Haƙal da Ƙurayyat da kan iyaka, wasu kuma su ɗauko iyalan iyayen gidansu tun daga Madina domin a zo kallo.

Abin da ya fi damuna shi ne na ƙarshen lokaci, wato daga tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Maris, domin a lokacin ne mutane suke sakin jiki. Mutanen Najadu, wato tsakiyar Saudiyya, ma suna da karin magana a kan wawan da ya ga rana ta buɗe ya sayar da alkyabbarsa, sanyi ya dawo ya same shi. A wannan tsakanin rana takan yi ɗumi ta narkar da abin da ya zuba, ruwan ya kwanta a kan kwalta, idan dare ya yi sai ya daskare ya zama wani siririn gilashi da ido ba ya bambanta shi da jiƙaƙƙiyar hanya. Ya fi yawa a kan gadoji, saboda iska mai sanyi tana bin su ta sama da ta ƙasa, da kuma kwanonin hanya da inuwar dutse take hana rana isa gare su. Lokacin da ya fi muni shi ne bayan sallar asuba, wato daidai lokacin da direbanmu ya saba kama hanya domin ya riga rana. Al'adar sammako da take taimakon mutum a kudancin ƙasar nan ita ce take kai shi cikin haɗari a arewa, don haka gara a jira hantsi ya ɗaga.

Motocin da ake zuwa da su ma ba a shirye suke ba. Direbobi da yawa a wuraren zafi ruwan famfo suke zubawa a lagireto, alhali ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, wanda ya isa ya fasa lagireton ko ya tsaga injin, saboda haka dole ne a zuba ruwan lagireto na kanti mai sinadarin hana daskarewa. Batirin da ya tsufa yakan ƙi tashi da safiyar sanyi ko da jiya lafiyarsa lau. Robar tayar da aka yi domin zafi takan fara ƙandarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, iskar ciki ta ragu, idan kuma zanenta ya riga ya suɗe to babu abin da zai kama ƙasa. Na ga wani matashi ɗan'uwanmu a wani gidan mai, sanye da jallabiya da silifas, hannunsa yana karkarwa, ya karɓi butar ruwan zafi daga mai shayi ya watsa wa gilashin gaba domin ya narkar da ƙanƙarar da ta manne, nan take gilashin ya yi ƙara ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan. Da ya tayar da mota ya juya hita zuwa gilashin ya kankare da tsohon katin roba, da ya tafi da gilashinsa lafiya.

A kan hanya kuwa, abin da direba ya koya a yashi shi ne farkon abin da zai yaudare shi. A rairayi mun saba idan taya ta fara nutsewa a ƙara totur a wuce da ƙarfi, a kan ƙanƙara kuwa ƙara totur yakan sa taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana ƙara wa wurin santsi. Ana tashi ne a hankali, a giya ta biyu idan motar ta giyar hannu ce. Dokokin hanya na Birtaniya sun nuna cewa nisan da mota take buƙata kafin ta tsaya a kan ƙanƙara yana iya ninka na busasshiyar hanya sau 10, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai bin bayan tirela daf da daf ya ja da baya sosai. A gangaren dutse a sauko da ƙaramar giya, injin ya riƙe motar, kada a ɗora duka nauyin a kan birki. Idan tsayawa ta zama dole kuma motar tana da ABS, wato na'urar da take hana tayoyi kullewa idan an taka birki, a danne birkin a riƙe, karkarwar da ake ji a ƙafa alama ce ta yana aikinsa, ba lalacewa ya yi ba. Idan bayan mota ya zame zuwa dama, a ɗage ƙafa daga totur a karkata sitiyari a hankali zuwa daman, ido yana kallon inda ake son zuwa. Masu manyan jif su sani cewa jan taya huɗu yana taimakawa wajen tashi da hawa ne kawai, wajen tsayawa ba su fi ƙaramar mota da komai ba, kuma a ganina su ne suka fi kowa ganganci a kan hanyar dutsen. Idan dusar tana zuba a kunna ƙaramar fitila, domin babbar fitila haskenta dawowa yake yi cikin idon direba.

Babban abin tsoro shi ne halin da mutum yake shiga idan mota ta maƙale. A watan Janairun 2022 dubban masu yawon kallon dusar ƙanƙara suka cika hanyar garin Murree da ke kusa da Islamabad a Pakistan, guguwa ta rufe su a cikin motocinsu dare guda, aka wayi gari mutane sama da 20 sun rasu, ciki har da ƙananan yara. Wasunsu sanyi ne ya kashe su, wasu kuwa hayaƙin motarsu ne, domin sun rufe tagogi sun bar injin yana aiki saboda hita, dusar ƙanƙara ta toshe bakin salansa, iskar guba ta dawo cikin motar. Wannan iska ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da barci kawai take kawowa, kuma wanda ya yi wannan barcin da wuya ya farka. Wanda ya maƙale ya zauna cikin motarsa, kada ya fita neman gari a ƙafa, ya riƙa dubawa yana share bakin salansa, ya tayar da injin kamar minti 10 a kowace awa, ya bar taga a ɗan buɗe. Irin wannan gubar ce gawayi yake fitarwa, saboda haka kaskon wutar da wasu direbobin tirela suke shigarwa cikin kan mota ko cikin rufaffen tanti domin jin ɗumi kasada ce da rai. Bargo mai kauri da safa da takalmi rufaffe da ruwan sha da dabino da cajar waya ba su cin wuri, kuma kada a bari man tanki ya sauka ƙasa da rabi a hanyar da gidajen mai suke nesa da juna. Lambar jami'an tsaron manyan hanyoyi 996 ce, ta 'yan kwana-kwana 998, ta motar asibiti 997.

Ina da magana da iyayen gida da masu motocin kaya. Sau da yawa direba ya san hanya ba ta da kyau, amma tsoron kafili, wato mai gidan da ya ɗauki nauyin zamansa a Saudiyya, ko tsoron a yanke masa kuɗin tafiya yakan sa ya kama hanya a kan dole. Cibiyar hasashen yanayi ta ƙasar nan tana fitar da gargaɗi kala-kala, ja ne mafi tsanani, kuma jami'ai sukan rufe hanyoyin tsaunuka idan abin ya yi ƙamari. Direban da ya ga jan gargaɗi ya ajiye mota bai yi ragwanci ba, kuma wanda ya zagaye shingen jami'ai ta cikin daji domin ya faranta wa mai gida ya kai kansa inda ko masu ceto sai sun sha wuya kafin su isa gare shi.

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ba sa karanta sanarwar Larabci da kyau, sai dai abin da suka ji a majalisa. Saboda haka nake roƙon wannan jarida ta riƙa kawo gargaɗin yanayin arewacin Saudiyya da Hausa a shafinta na intanet daga Disamba har zuwa ƙarshen Maris, shugabannin ƙungiyoyinmu na Makka da Madina da Jidda kuma su riƙa tura shi a zaurukan WhatsApp na direbobi tun da daddare, kafin masu sammako su ɗaura kaya.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Tabuka, Saudiyya.